Sai na tona asirin gida kafin in samu lafiya?

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali?

Ni Bakanuwa ce, shekarata 34, aure ya kawo ni ƙasar Holan, 'ya'yana biyu. Tun ina budurwa nake fama da wani hali: in so mutum kamar raina da safe, kafin magariba in ji ba na ƙaunar ganinsa. Maigidana ya makara ɗaukar waya, sai zuciyata ta ce shi ke nan, ya guje ni. A gida an ce iska ce, an yi ta ruƙiyya. A nan kuwa likitar ƙwaƙwalwa ta ce ciwo ne da ke taɓa ɗabi'a, suna kiransa bodalayin.

Maganin da ta kawo mini na tattaunawa ne, sunansa sikima terafi, wanda wani Ba'amurke, Jeffrey Young, ya ƙirƙiro. Wai abin da yaro ya rasa na kulawa yakan bar masa tabo, ya girma yana kallon duniya ta cikinsa. Tabon iri 18 ne, nawa tsoron a watsar da ni. Na yarda da ita, Hajiya, domin ina da shekara huɗu aka kai ni riƙo wurin goggona, kuma har gobe muryarta nake ji a kaina tana cewa ba zan yi albarka ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a rukuni ake yi. Mu kusan takwas da masu ba da magani biyu, duk mako, kowa ya faɗi ƙuruciyarsa. Har akwai ranar da ake ajiye kujerar da ba kowa a kanta, ki ɗauka wanda ya cuce ki ne a zaune, ki mayar masa da magana. Likitar ta ce wasu masana, Joan Farrell da Ida Shaw, sun gwada tsarin a Amurka a kan mata 32, aka buga sakamakon a 2009: kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka shiga rukunin sun fita daga sahun masu ciwon. Ranar da na ji haka kuka na yi, don ban taɓa zaton ana warkewa ba.

Amma goggo ta rasu, kuma komai ta yi mini, ita ta ciyar da ni ta aurar da ni. Ta yaya zan zauna gaban baƙi ina fallasa ta? Wannan bai zama giba ba, ko butulci? Maigida ya ce in je, yayata ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Jiya babbar 'yata ta ɓuya a bayan ƙofa da ta ji na ɗaga murya. Wata mai kamawa za a fara zaman, kuma ban sa hannu ba tukuna. Don Allah Hajiya, ki tambayar mini malamai, ke ma ki faɗa mini naki.

Ƙanwarki,
daga Holan