A tambayi yaranmu abin da aka yi musu

Edita,

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a Asawase, nan Kumasi, kuma ina da magana kan yadda ake ƙidaya yaran da ake ci wa zali a makaranta.

Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali aƙalla sau ɗaya cikin wata guda, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa rabi. Yawancin alƙaluman sun fito ne daga binciken lafiyar ɗalibai na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda a Ghana ma aka yi shi a 2007 da 2012. A lokacin an tambayi yaro: cikin kwana 30 da suka wuce, kwana nawa aka ci zalinka?

Na gwada tambayar a ajina. Shiru, sai hannu biyu. Washegari na raba takardu, na ce kada kowa ya sa suna, na tambaye su da Hausa da Twi: wa aka taɓa ƙwace wa kuɗin koko da ƙosai? Wa aka kira "pepeni", sunan raini da ake wa 'yan arewa da Twi, aka kwashe da dariya? Wace aka fizge wa hijabi? Da na ga amsoshin, wallahi daren nan ban yi barci ba.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na fara wannan tunani. Shekararsa ta farko a makarantar kwana, manyan ɗalibai suka yashe masa akwati, garin rogo da shito (miyar yaji) da madara, suka sa shi durƙuso kan tsakuwa, ya yi ta wanke musu kaya. Da ya zo hutu na ce, "Ana cin zalinka ne?" Ya ce, "A'a, Inna, ai al'ada ce, kowa an yi masa." Da an ba shi takardar binciken nan mai tambayar kwana 30, "babu" zai rubuta, kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba. Ga shi abin ya fi zafi a makonnin farko na zuwan sababbi. Mai bincike da ya zo a ƙarshen shekara, kwana 30 ɗinsa ba za su kai can ba.

Yaran makarantun allo da 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia kuwa, binciken da ake yi cikin aji bai san da su ba.

Ina roƙon Hukumar Ilimi ta Ghana ta riƙa yin nata binciken kowace shekara, tun zangon farko, a tambayi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya da harshen gida, kuma malamin aji ya fita waje lokacin cikawa, har da ni. Malamanmu na allo a unguwannin zango su ma a nemi izininsu a shiga makarantunsu.

Wassalam.

Wata malama,
Asawase, Kumasi