Wasiƙa Zuwa Ga Adda Kan Turamen Auta

Assalamu alaikum Adda,

Ina fatan kuna lafiya, ya Inna da ƙafa, ya zafin Gombe? A gaida Hamma da yara duka. Mu nan Manchesta sai ruwa da sanyi, alhamdu lillahi.

Kin ce Auta ya cika shekara 6, wani babban haƙori ya fito masa can ƙurya ba tare da ya yi famfara a wurin ba. Adda, wannan shi ne turmin farko na dindindin. Guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, suna fitowa bayan haƙoran nono. Da yawa ana zaton zai faɗi wani ya fito, sai a yi sakaci da shi. In ya lalace, babu madadinsa.

Saman turmi cike yake da tsagogi masu zurfi da burushi ko asuwaki ba sa shiga. Nan alewa da biskit da nakiya ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su mai da sukarin tsami, tsamin ya ci haƙori har ya yi kogo. Abin da ake kira tsutsar haƙori ke nan, alhali ba tsutsa ko ɗaya.

Ki kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki tambaya ko suna yin fisha silant, wato liƙe tsagogin da wani ruwan roba. Ba allura, ba huda haƙori. Za a wanke turmin, a kewaye shi da auduga, a busar. Sai a shafa wani maganin asid kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, a ɗauraye, a sake busarwa har saman ya yi fari fat kamar alli. Daga nan a zuba liƙin, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, a ce yaro ya cije a ga ko ya yi tudu.

Duk matsalar yawu ne. Digo ɗaya in ya taɓa haƙorin bayan an busar, liƙin ba zai kama ba, cikin 'yan watanni ya ɓare. Saboda haka a lallashe shi tun daga gida kada ya dinga kai harshe. Idan dasashi bai gama janyewa daga kan turmin ba, akwai wani nau'in liƙin, gilas ayonoma, mai jure danshi, sai dai ya fi saurin faɗuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce liƙin na hana kusan kashi 80 cikin 100 na kogon turame a shekara biyun farko. A duba shi duk wata shida. Wanda ya ɓare rabi ya fi son riƙe abinci, a gyara da wuri.

Liƙin bai kare tsakanin haƙora. Goge baki safe da dare na nan, da man da ke da fulorayid (sinadarin ƙarfafa haƙori) kamar girman ƙwayar wake, ya tofar kada ya kuskure baki da ruwa. Zobo da lemon kwalba a bari sai lokacin cin abinci, ba tsotso wuni guda ba.

Yayarsa mai shekara 12 ma turamenta na biyu na hanya, ki tafi da su tare. Ki tambayi kuɗin kowane haƙori ki turo min ta WhatsApp, zan aiko ƙarshen wata.

Taki,
ƙanwarki