Zuwa ga masu kawo mana tsofaffin agogunan aljihu

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu girma.

Da yawa daga cikinku kan tambaye mu me ya sa agogo mai batir muke gama shi nan take, amma na aljihu da aka gada wajen kaka sai ya yi makonni, wani lokacin ma watanni, a hannunmu. Tambayar tana kan hanya, kuma haƙƙinku ne ku ji amsa a fili. Mafi yawan wannan lokaci yana tafiya ne wajen neman abin da za a saka, da tabbatar da cewa shi ne daidai.

Masana'antun da suka ƙera waɗannan agoguna sun daɗe da tashi. Waltham ta Amurka ta daina ƙira a 1957, Elgin ta rufe masana'antarta ta can a 1968, Hamilton kuma ta daina aiki a garin Lankasta a 1969. Babu wanda za mu aika wa takarda ya turo mana sabo. Duk da haka na Amurkan nan su ne masu sauƙi, domin da inji aka ƙera su, dubbai iri ɗaya, kuma an buga littattafan kayansu. Shi ya sa abu na farko da muke dubawa shi ne lambar da ke jikin injin agogon, wato kayan cikinsa. Ta jikin gidan da injin ke ciki ba ta gaya mana komai, don a wancan zamani kamfani daban ne ke yin gida, a wurin dillali ake haɗa su. Da lambar injin muke gane samfurin, da kusan shekarar da aka yi shi, da girmansa, ko 18 ne, ko 16, ko 12.

Na Ingila na da can, masu siririyar sarƙa a ciki, labarinsu daban. Da hannu aka daidaita kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, sai ka ga agogo biyu daga hannun maƙeri ɗaya amma kayan wannan ba sa shiga wancan. Na Suwizalan ma sau da yawa sunan da ke fuskar na mai sayarwa ne, injin kuwa ba suna ba alama. A nan littafi ba ya taimako, sai awo.

Idan muka yi sa'a, mukan sami tsohon kayan kamfani da ba a taɓa amfani da shi ba, wanda ya rage a ɗakin wani magyari da ya bar sana'a. In ba a samu ba, sai mu nemi mataccen inji irin naku mu ciro. Wannan hanya tana ɗan sosa mana rai, domin kowane injin da aka farke agogo ne da ba zai sake tafiya ba, saboda haka ba ma taɓa wanda har yanzu za a iya tayar da shi. Idan duk suka faskara, mu feƙe sabo a kan inji.

Abin da ya fi kawo mana agogo shi ne karyewar 'yar sandar da ƙafar lilo ke juyawa a kanta, wato ƙafar nan da kuke gani tana kai-komo idan aka buɗe baya. Bakin sandar nan kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kamar silin gashi, kuma yana ɗauke da ƙafar da ke bugawa sau 18,000 a awa guda. Tsarin kare shi daga faɗuwa, irin Incabloc, sai a shekarun 1930 ya fito, kuma yawancin na aljihu ba su da shi. Faɗuwa ɗaya ta isa. Ko an samo sanda mai lambar da ta dace, ba a gama ba: samfuri guda kan zo da kaurin baki iri-iri, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Sai mu gwada ta a cikin ramin yaƙutu, ɗan dutsen da bakinta ke juyawa a ciki, mu ga yadda take ɗan kishingiɗa. In ta tsaya ƙyam, ta matse. In ta kwanta da yawa, ta yi sako-sako, agogon zai tafi daidai a kwance ya sauya a tsaye. Bayan an kafa ta sai a duba nauyin ƙafar ta kowane gefe, a mayar da siririn sifirin ɗinta na asali, domin tare aka daidaita su tun daga masana'anta.

A nan ne ƙa'idarmu take, kuma ba ma sassauta ta: sabon ƙarfe ne ke bin agogo. Ba ma goge jikin injin, ba ma faɗaɗa rami, ba ma lanƙwasa gadar da ke riƙe ƙafar don sanda mai tsayi ta samu wuri. Mun sha buɗe agogo mu tarar an daddage ƙasan gadar da kurfi, ko an liƙe yaƙutu da gam, ko an ɗiga dalma. Wanda ya yi haka ya sallami mai agogo da wuri, amma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Babban sifirin da ake naɗewa idan ana yi wa agogo wani ya fi sauƙin samu, har yau ana yin sababbi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Hatsarin a wajen kauri yake. Ƙari kaɗan a kauri yana ƙara ƙarfi sosai, har ƙafar lilo ta riƙa wuce iyaka tana dukan abin da bai kamata ba, haƙora kuma su ci da wuri. Muna auna faɗi da kauri da tsawo, kuma ba ma dogara da wanda muka tarar a ciki, don mai yiwuwa shi ma wani ne ya saka shi bisa kuskure.

Fuskar tangaran mai tsaga ba ma ba da shawarar a canza ta. Wankewa kan fitar da dattin da ke sa tsagar ta yi baƙi, har ta kusa ɓacewa, kuma fuskar asali ta fi aro daraja. Murfin fuska na roba da ya yi rawaya kuwa a cire shi da gaggawa, domin tururin da yake fitarwa yana sa hannuwan agogo tsatsa. Idan kuma lambobi ko hannuwan naku suna da fentin nan mai haske da dare na farkon ƙarni na 20, don Allah kada ku buɗe gaban. Akwai yiwuwar sinadarin radiyam ne, wanda ke nan daram ko da hasken ya mutu, kuma ƙurarsa tana da illa.

Daga yanzu, ba za mu canza komai ba sai mun kira ku mun sami izini. Ranar karɓa za ku tafi da takardar da ta nuna abin da aka saka da inda ya fito, tsohon kayan kamfani ne, na wani injin ne, ko namu ne, tare da tsohon ƙarfen a ƙulle a 'yar takarda. Ku adana shi tare da agogon, zai amfani duk wanda zai gyara shi nan gaba.

Mu ma muna da roƙo. Agogon da ya tsaya kada a matsa masa wani da ƙarfi, kada a fesa masa mai. Duk ɗan abin da ya faɗo, ko da karyayye ne, ku taho da shi, da shi muke ɗaukar awo. Kuma ku dakata da sayen kaya a intanet har sai mun buɗe mun auna, domin hoto ba ya nuna kauri.

Mun gode da haƙurinku da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Ma'aikatan ɗakin gyara