Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta farfaɗo da itatuwa na bana

Assalamu alaikum dattawa, iyaye mata da 'yan uwa mambobi. Ga abin da muka yi bana a gonakinmu na nan kudancin Maraɗi.

Babban aikin dai shi ne sassaben zamani, wanda aka faro a wannan yanki namu tun 1983 lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya lura kututtukan da muke ƙonewa duk shekara saiwarsu na nan da rai. Tun kafin damina muka bi gona-gona muna nuna yadda ake yi, in ka samu kututturen kalgo ko sabara ko gawo ya yi tofo sai ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, sauran ka sare da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama kar ɓawon ya tsage, sannan ka ɗaura jan tsumma yara su san mai shi na so. Gawo ma ba sai mun roƙi kowa ba, tunda da damina yake zubar da ganye baya tare wa gero rana, da rani kuma awaki su samu 'ya'yansa.

Dashen da muka yi a leda kam gaskiya bai yi ba. Yawanci sun bushe da bazara, sauran dabbobi suka cinye, kuɗin ruwa ya tafi a banza. Kwamiti ya ce baɗi ba za mu sake ba sai da shinge.

Abin da ya fi faranta mana rai namun daji ne. Zabin daji sun dawo gindin sabarar bakin fadama, mun ga sheƙarsu da ƙwai a ciki, fakara ma ana jin kukanta da asuba, ga bushiya ga zomaye, masu amya sun ce ƙudan zuma ya shiga da wuri. Don Allah samari a bar farauta da karnuka a wajen, ko na shekara biyu ne.

Kirya ce damuwarmu har yanzu, ana sare ta da dare don turmi da gawayi, ita kuma ba ta saurin girma. Duk wanda ya san inda ƙaramar kirya take a gonarsa ya faɗa wa sakatare kafin taron bayan girbi, mu kewaye ta da ƙaya.