Wasiƙa daga Fulda: kyautar da aka ba mai sunan Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da Anti da yara duka. Mu ma lafiya ƙalau, sai sanyin Jamus da ya fara kankama. Tun kafin biyar na yamma duhu ya rufe.

Na saurari saƙon da Hajiya ta sa aka turo mini bayan ta ga hoton mai sunan Baba riƙe da kofi a gaban jirgi. Wai mun bar mata maigida yana yawo a sama cikin jirgin da ba shi da inji, kuma muka tsaya aka ba shi kyauta da sunan mamaci. A waya ba ta bari in kai aya, shi ya sa na rubuto maka, ka samu lokaci bayan la'asar ka karanta mata a tsanake.

Maganar inji gaskiya ce, babu shi. Gilaida ake ce wa jirgin. Igiya mai tsawon kusan kilomita guda ake ɗaura masa a ciki, wani inji a can ƙarshen fili ya nannaɗe ta da ƙarfi, kafin minti ɗaya jirgin ya kai mita 400 a sama, sai matuƙi ya saki igiyar. Daga nan sai dabara. Ka tuna yadda ungulaye ke kewaya saman kwata da hantsi ba tare da sun kaɗa fiffike ba? Iska mai zafi ce ke tasowa daga ƙasa tana ɗaga su, kuma ita yaran nan suke koyon nema a ƙarƙashin gajimare. In ba su same ta ba, jirgin ba ya rikitowa, sauka yake a hankali. Wanda suke koyo da shi, ASK 21, in yana kilomita ɗaya a sama zai iya shafe fiye da kilomita 30 kafin ya taɓa ƙasa. A Poppenhausen ake ƙera shi, nan kusa da mu, a kamfanin Schleicher da aka kafa tun 1927. Dokar nan ta yarda ɗan shekara 14 ya tashi shi kaɗai in malaminsa ya amince, lasisi kuwa sai 16. Kuma kowa da laimar sauka goye a bayansa.

Mutanen yankin nan da abin suka tashi. Dutsen Wasserkuppe, mai tsayin mita 950, shi ne cibiyar. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an hana Jamusawa jirage masu inji, sai matasansu suka hau dutsen a 1920 suka fara gasar marasa inji.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. A kan dutsen nan Günther Groenhoff ya rasu a 1932 yana da shekara 24, shekara ɗaya bayan ya yi tafiyar kilomita 272 daga Munich ba inji. Yaron da kyautar ke ɗauke da sunansa shi ma a jirgi ajalinsa ya same shi, bai kai ashirin ba. Ɗan kulob ɗin da mai sunan Baba yake koyon tashi ne. Ni da kaina na yi zaton iyayensa ko hanyar filin ba za su sake bi ba. Ashe su suka zuba kuɗi, duk ƙarshen kakar tashi a zaɓi matashi ɗaya, a rubuta sunansa a jikin kofin, a biya masa kuɗin tashi na shekara mai zuwa.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne wanda suke zaɓa. Ba sa ba wanda ya fi kowa nisa ko daɗewa a sama, don kada yara su riƙa ganganci saboda kofi. Wanda ya fi hidima da nutsuwa ake ba. A kulob ɗin ba a biyan kowa albashi, har malaman. Kafin mutum ɗaya ya tashi sai wani ya riƙe masa fiffike, wani ya maƙala igiya, wani ya rubuta lokaci, wasu su turo jirgin in ya sauka. Ɗanka yakan wuni a fili ran Asabar don tashin da wani lokaci bai wuce minti shida ba. Yaron da sai an yi faɗa yake wanke kwanon da ya ci abinci, yau shi ne ke goge fiffike har magariba! An ce sau da yawa ya fasa tashi don iska ba ta yi masa ba, kuma wannan na cikin abin da aka duba.

Uwar mamacin ce ta miƙa masa da hannunta. Ta tambaye shi yadda ake faɗin sunansa daidai, ta maimaita har ta iya. Matata ta yi kuka. Ni dai a raina na ce mu da muke da sadaka mai gudana a addininmu, mun fi kowa dacewa mu gane abin da matar nan take yi. Sunan mamaci a jikin kofi ba ya jawo mutuwa, ai shi ma yaron sunan Baba yake amsawa.

Yanzu an rufe tashi sai bazara, lokacin sanyi gyaran jirage suke yi a rumfa. Saboda haka ka ce wa Hajiya maigidanta yana ƙasa har Afrilu, ta ci gaba da yi masa addu'a. Yana ta tambaya kan kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, in kana da wanda ka sani a can ka bincika mana sharuɗɗansu.

Na turo kuɗin maganin Hajiya ranar Litinin, ka sanar da ni in sun shigo. A gaida Kawu da jiki, a gaida mutanen masallaci.

Naka,
Ƙaninka