Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai maza da mata, shugabannin makarantu, da iyayenmu masu ba mu shawara, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta malaman makarantun yara a Legas ta yi bana da wanda ya tsaya.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Sai maganar kuɗin ƙungiya, domin duk aikin da ya tsaya a nan ya tsaya. Waɗanda suka biya na shekara cif ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Ni da Ma'aji mun bi mutane a waya, mun bi su a WhatsApp, mun taka har makarantunsu daga Agege zuwa Idi-Araba da kuɗin motarmu, kullum sai a ce mu jira ƙarshen wata. Babu mai musun tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota bai sauko ba, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Amma waɗanda suka biya su ma a Legas ɗin nan suke, kasuwa ɗaya muke ci da su.

Masu tambayar ina ƙananan teburan cin abinci da farantan silba da aka yi alkawari, ga amsa. Mun shirya sayen farantan ne bayan gwamnatin jiha ta haramta farar robar zuba abinci a watan Janairu. Kafin kuɗin su taru, kwalara ta ɓulla a watan Yuni, kuma Kosofe, inda makarantunmu na Mile 12 suke, tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Kwamiti ya zauna, ya karkatar da ɗan abin da ke asusu zuwa bokitai masu famfo da sabulu. Wanda yake ganin tebur ya fi wanke hannu a irin wannan lokaci, ya zo taro ya faɗa a gaban kowa. Kafinta ya yi rabin aiki, ragowar katakon yana shagonsa yana jiran cikon kuɗi.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne bitar yini guda da aka yi a Agege kan yadda malama za ta kula da yara lokacin cin abinci. Ɗakin ya cika har wasu suka zauna a tabarma a baranda. Ma'aikaciyar jinyar da muka gayyato ta fara ne da ɗura, kuma ba ta ɓoye komai ba: idan aka danne yaro, aka toshe masa hanci, aka kwarara masa kunu yana kuka, kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, kuma ana rasa rai a haka. Da yawa a ɗakin da ɗura aka raine su, kuma da ita suka raini nasu, don haka aka yi muhawara mai zafi. Wata dattijuwa ta tambaya, to yaron da ya ƙi ci fa, a bar shi da yunwa? Aka amsa mata cewa malama ce ke zaɓen abin da za a ci da lokacin ci, amma yaro ne ya san inda cikinsa ya cika. A zuba kaɗan, ya nemi ƙari. A zauna tare da shi, a yi masa magana, a ajiye bulala. Sabon abinci kuma yaro yakan ƙi shi sau da yawa kafin ya karɓa, sai a ci gaba da kawowa ba tare da faɗa ba.

Bayan Azahar aka koma aikin hannu. Kowace malama ta gwada a jikin 'yar tsana yadda ake taimakon yaron da abinci ya shaƙe: a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafi, kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa yatsa ana lalube. An ja kunnenmu kan gyaɗa guda-guda da alawa mai tauri ga 'yan ƙasa da shekara 5, da barin yaro yana ci yana gudu. An kuma tuna mana cewa dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da sanyi ko zafi ba, alhali shinkafar da uwa ta zubo tun da asuba sai rana ta take ake buɗe ta. Daga ƙarshe aka koya mana awon kaurin damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, idan awon ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, asibiti za a tura iyayensa a ranar. Makarantun da suka halarta sun dawo da lokacin cin abinci da wuri, malamai kuma sun fara zama cikin yaran. Allah ya saka wa matan da suka yi girkin ranar daga aljihunsu.

Takardar wayar da kan iyaye da muka rubuta da Hausa tana nan a kwamfuta, kuɗin bugawa ne babu. Ziyarar bin diddigi kuwa makarantun Agege kaɗai ta samu, domin waɗanda suka ɗauki nauyin Mile 12 da Alaba Rago ba su je ba, ba su kuma aiko da uzuri ba. Akwai masu neman takardar shaidar bitar da ba su halarta ba. Ba za a bayar ba.

A taron farko na sabuwar shekara za a karanta sunayen masu bashi, sannan a tsayar da ko za a ƙarasa teburan ko a fara buga takardar iyaye. Kowa ya zo da rasiɗinsa.

Wassalam.
Sakatariya