Amsa ga Dattijon da Ya Tambaye Ni Wane Aminci Nake Shaida

Baba Dattijo,

Ina gaishe ka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ranar Lahadin godiya, bayan an tashi sujada, ka miƙe a taron ikilisiya ka yi mini tambaya a gaban kowa, har da 'ya'yana. Ka ce wane aminci na tsaya ina shaida alhali mijina yana kabari. Ka ƙara da cewa ko dai shaidar tawa dabara ce ta tuna wa kwamitin taimakon gwauraye da ni, tunda za su zauna a wannan watan. Ranar bakina ya yi nauyi, ban ce uffan ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa.

In zancen na daɗe a gaba ina ba da shaida ranar ne, na yarda. Minti biyar aka ba ni, na ci sha biyar. Na ba fasto haƙuri, ya wuce.

Abin da ya hana ni barci shi ne ka ɗauke ni mai bara da gawar mijina. Baba, ka san shi. Shekara nawa kuka yi kuna ƙirga baiko a tebur ɗaya? Kai ma ka gudu ranar da muka gudu, a ƙarshen Oktoban 2014, da mahara suka shiga Mubi. Mu ta duwatsu muka bi, kwana uku a ƙafa, ga yara huɗu, ga shi da ciwon suga, maganinsa na gida a kan taga. Kwanansa tara a Yola ya rasu. Na roƙi Allah ya bar mini shi, bai bar mini shi ba. Wannan na faɗe shi a gaban ikilisiya, ban ɓoye ba, ban kuma yi masa kwaskwarima ba.

Ga abin da na shaida. Wani direba Musulmi, wanda har yau ban san sunansa ba, ya kwashe mu a bakin hanya ya ƙi karɓar ko sisi. Na bi layin hatsi a harabar majami'ar St. Theresa a Yola, ni ba 'yar Katolika ba, babu wanda ya tambaye ni ɗarikata. Da mudu biyu na wake na fara suyar ƙosai, kuma cikin yara huɗun nan babu wanda ya bar makaranta. Mafi girma duka, akwai daren da na ce na gama da addu'a, gari ya waye na tarar da kaina a durƙushe. Ba ni na riƙe Allah ba, shi ya riƙe ni. In wannan ba aminci ba ne, ka gaya mini sunansa.

Kai ka koya mana Ayyukan Manzanni a ajin baftisma. A sura ta 12 Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a surar nan kuma mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku. Allahn Bitrus daban yake da na Yakubu? Shadrak, Meshak da Abednego ma sun gaya wa Nebukadnezzar cewa ko Allah bai cece su daga wutar ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Shaidarsu ta riga cetonsu.

Ban so in faɗi wannan ba, amma tun ranar da na tambaya a taro yaushe za a karanta mana lissafin kuɗin gwauraye, gaisuwata da ƙyar kake amsawa. Ban ce ka ci komai ba, ban kuma zarge ka ba. Tambaya na yi, kuma ina da damar yi. In ita ce ta tsaya maka a rai, da ka kira ni gefe kamar yadda uba yake kiran 'yarsa, ba ka taɓa kabarin abokinka ba.

Kuma abin ya wuce ni da kai. Wanda ya sayi mota ko ya samu biza ya fito, a buga ganga, mata su yi guɗa, ba mai tambayarsa me yake nema. Gwauruwa ta ce Allah ya ciyar da ita shekara da shekaru da kasko ɗaya, sai a fara duban hannunta. A zumuntar mata akwai waɗanda suka ga abin da ya fi nawa, sun binne miji da ɗa a mako ɗaya, suna da shaida mai nauyi. Bayan maganarka biyu daga cikinsu sun ce mini su kam ba za su taɓa tsayawa a gaba ba. Wannan ya fi zagin da aka yi mini ciwo.

Na gaya wa magatakarda ya cire sunana daga jerin masu karɓar taimako na bana, a ba wata. Ina roƙonka, a wurin da ka yi maganar nan, a gaban 'ya'yan nan huɗu, ka janye ta.

'Yarka cikin Ubangiji.